Tayar Audu da Muke Kira Gwamnati

Yaran da ke zuwa rumfata koyon faci duk da magana ɗaya suke zuwa: wai sana'ar ba ta da wuya, a cusa abin toshi a ramin ƙusa, a kunna injin iska, a miƙa hannu a karɓi kuɗi. Wani ma uban ne ya kawo shi da kansa, ya ce mini tunda yaron ya kasa boko ya kasa kanikanci, ai faci ba zai gagare shi ba. Na ce masa na gode da yabo. Idan na gaji da irin wannan magana, nakan nuna musu tsohuwar tayar da ke gindin mangwaron bakin rumfa, wadda suke zama a kanta suna danna waya, in ce su tashi su gaishe ta, don ta girmi iyayensu. Sunanta Gwamnati. Ta a-kori-kurar wani mutumin Gitata ce mai suna Audu, kuma a kanta na koyi abin da ya fi wuya a sana'ar nan.

Aikina na farko tiyub ɗin keken wani masinja ne, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina yaron shago a wurin Baba Lasisi, wani Bayerabe da iyayensa suka zo Keffi fatauci suka zauna, rumfarsa tana kusa da tasha. A lokacin babu abin toshi, babu injin iska. Za ka ɓalle taya daga wili da liba da guduma, ka zaro tiyub, ka hura shi da famfon ƙafa, ka tsoma a baho kana bin kumfa har ka ga inda ya huje. Sai ka kankare wurin, ka shafa sholisho, wato gam ɗin faci, ka ɗora ɗanyen roba, ka danne da tsohon fistin na mota a cikin matsi, ka zuba kananzir a cikin fistin ɗin ka kunna wuta. A nan sana'ar take. Idan wutar ta yi kaɗan, facin zai ɗago tun mai keke bai bar unguwa ba. Idan ta yi yawa, ka dafa tiyub ɗin mutane.

Ni na dafa na masinja. Ina can ina kallon wata mai tallan alale, sai na ji Baba ya daka mini tsawa. Ya sayi sabon tiyub ya ba masinja, ya ɗauki ƙonannen ya rataya mini a wuya, ya ce kada in cire sai an tashi aiki. Duk direban da ya wuce sai ya tsaya ya yi mini barka da sabuwar sarƙa.

"Sale," in ji Baba da yamma, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "faci girki ne. Ido ba ya aiki a nan, hanci ne. Roba in ya nuna, ƙamshinsa daban. In ka ji wari, ka riga ka makara."

Shekarun da na yi a hannunsa dokoki biyu ya kafa mini, sauran duk zagi ne. Ta farko ita ce ta hanci. Ta biyu kuwa, tayar da aka ɗinke gefenta ba ta zama a gaban mota. Ana ɗinke taya idan ta yage a gefe: a shimfiɗa mata guntun wata tayar daga ciki, a bi da basilla da zaren da aka zaro daga cikin tsohuwar taya. Irin wannan baya ake sa ta. "Ta baya in ya fashe," in ji Baba, "mota zai yi rawa ya tsaya. Ta gaba in ya fashe, a kira liman a kira fasto." Duk yaron da ya yaye sai ya sa shi ya maimaita wannan a gaban jama'a ranar firidom, wato bikin yaye shi, kafin a ci shinkafa.

Wata rana a shekarun man fetur wani akawu ya tsaya a rumfata da sabon babur, lokacin na buɗe tawa a hanyar Gitata. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas na watannin baya, kowa ya haukace. Ƙusa ɗaya ce ta huda masa tiyub. Na ɗauko sholisho, ya ce in ajiye, shi ba ya hawa abin faci, in sa masa sabo. Haka garin ya koma. Direbobin tifa da ke wucewa da kayan ginin Abuja sukan jefar da taya tana da sauran zanenta. Bayan rumfata ya cika da tayoyi da tiyub, har roƙon masu yin guga da masu takalmin taya muke yi su zo su kwashe mana kyauta. Rediyo kullum tana faɗin abin da gwamnati za ta gina da kuɗin da ta ranto daga Turai, mu kuma muna tafi. Babu wanda ya tambayi wa zai biya, ni ma ban tambaya ba.

A wannan zamanin Audu ya sayar da gonar da ya gada a Gitata, ya sayi a-kori-kura sabuwa dal. Dattawan garinsu sun hana shi, ya ce noma aikin wanda bai ji labarin fetur ba ne. Yana ɗaukar doya da dawa da matan kasuwa tsakanin Panda da Gitata da Keffi. Mutum ne gajere mai faɗin murya, ba ya wuce rumfata bai danna ham ba.

"Sale mai faci!" zai ƙwala daga taga. "Nemi wata sana'a tun da wuri! Ƙasar nan ta fi ƙarfin faci!"

"Allah ya tsare hanya, Direba," nake cewa, a raina kuma ina roƙa masa ƙusa.

Mummunar shekara ba da ganga ta zo ba. Na je shagon da nake sayen sholisho, mai shagon ya ce babu, jirgi bai zo ba. Na koma bayan mako, ya ce ɗanyen roba ma ya ƙare. Daga nan sabuwar taya ta ɓace daga kasuwa kamar an share. Rediyo ta canza murya: farashin fetur ya faɗi, bashin da aka ci ya hau kan ƙasa, masu sayar mana da kaya a waje sun ƙi ɗora komai a jirgi sai an biya na baya. Aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Audu yana zaune a kan benci ina duba masa tiyub lokacin da aka faɗi haka.

"Bashin wa?" ya ce.

"Na ƙasa, Direba."

"Ni an ba ni? Kai an ba ka? Baba, kai fa?"

Baba Lasisi, wanda idonsa ya fara rauni ya rufe rumfarsa ya dawo zama a tawa, ya ce, "Ba a ba mu ba, amma a wurinmu za a karɓa." Muka yi dariya, don mun ɗauka wasa yake yi.

Tayar da ta shigo ƙasa kaɗan ce, kuma ta hannun masu hanya take bi. Na san wani a Jigwada da ko babur bai taɓa mallaka ba, amma akwai tayoyin babbar mota a ƙarƙashin gadonsa, yana jiran farashi ya ƙara hawa. Mu kuwa masu faci sai muka wayi gari mun zama manya. Alhazan da a da suke miƙo mana kuɗi ta taga ba tare da sun kalle mu ba, suka koma saukowa suna tambayar lafiyar iyali. Akawun nan mai babur ya dawo yana tura shi, tiyub ɗinsa faci a kan faci, yana ce mini Malam Salihu. Na yi masa aikin, amma sai da na bar shi ya ɗan sha rana.

Sai dai girma babu kayan aiki wahala ce. Tarin da ke bayan rumfa ya ƙare. Roba mai kyau da ta rage a Keffi tana cikin rijiyoyin mutane, don duk tiyub ɗin da muka zubar a shekarun daɗi guga aka yi da shi. Haka muka bazu gida-gida, manyan maza da gemu, muna sallama muna tambaya ko akwai tsohon guga na sayarwa. Mata suka gane, suka sa masa farashi kamar na rago. Ranar da tiyub ɗin Audu ya tsage ban sami abin faci ba, na shiga gidana na tsaya a bakin rijiya ina duban gugan matata, Maman Bala.

"Malam, me kake kallo?"

"Gugan nan naki ya tsufa, Maman Bala."

"Jiya bai tsufa ba. Ka taɓa shi, yau ka ci tuwo da iskar famfonka."

Sai da na yi mata alkawarin bokitin ƙarfe da sabuwar igiya, kuma na kawo su ta gani da idonta, sannan ta sake shi. Gugan nan ya yi wa Audu tafiya har damina ta wuce. Duk sanda ya gan ta a hanya sai ya tsaya ya gaishe ta, ya ce rijiyarta tana gaida ta daga Panda.

Tayoyin Audu ɗaya bayan ɗaya suka bi ta hannuna. Safaya ta fara mutuwa. Na baya biyu suka yage a gefe, na ɗinke su, suka zauna a inda doka ta ce. Na gaba biyu ne suka rage da lafiyayyen gefe, ɗayarsu kuma zanenta ya shafe, ƙusa da ƙaya sun mayar da ita kamar rariya. Ita Audu ya raɗa wa suna Gwamnati, wai kullum tana ci ba ta ƙoshi, kuma ba ka isa ka tafi ko'ina ba tare da ita ba. Kowace safiya kafin ya tayar da mota sai ya zagayo ya shafa ta ya ce, "Ranki ya daɗe, a yi haƙuri da talaka yau ma." Dariya muke yi, amma kowa ya san lissafin. Gona ta tafi, mota ce kaɗai abincin gidansa, motar kuma a kan wannan tayar take tsaye.

Lokacin sabuwar doya ne, ana gobe kasuwa, na hango shi yana gangaro da taya a bakin titi da hannu, babu ham babu ihu. Dutse ya yanke gefen Gwamnati a hanyar Panda, ya bar motar a can a kan jak. Ya kwantar da ita a gabana. Yagewar ta kai tsawon tafin hannuna. Baba Lasisi ya matso ya zura hannu ciki, ya bi wurin da yatsa, ya zaro hannun ya goge a wando.

"Ya mutu," ya ce.

"Sale zai ɗinke," in ji Audu. "Babu wanda ya kai shi ɗinki a garin nan."

"Zan iya ɗinkewa, Direba. A ina za ka sa ta? Na baya biyu ɗinkakku ne."

"A inda take. Zan tafi a hankali, wallahi ko akuya sai ta wuce ni."

"Da lodin doya, da mata a zaune a kan doyar, a gangaren nan na bayan Gitata?"

Ya ce zai raba ribar kasuwa biyu da ni har ƙarshen kaka. Ya ce in tuna shi ne bai taɓa kai aikinsa wurin wani ba. Ya ce 'ya'yansa suna makaranta. Duk gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya yi mini nauyi. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi, don na san zan yi ɗinkin da sai an sa ido sosai za a gane. Amma na san fuskokin matan da ke hawa motarsa, ɗaya ma ƙanwar Maman Bala ce. Na ce masa ba zan sa ba.

Ya zage ni, ya zagi sana'ata, ya ɗaga tayarsa ya gangara da ita cikin gari. Abin da ya manta shi ne, duk mai facin kirki a Keffi a hannun Baba ya tashi. Ya je tasha, ya je bakin kasuwa, ya je hanyar Akwanga. Kowa ya duba sai ya ce masa ta gaba in ta fashe a kira liman a kira fasto. Da la'asar ya dawo, rigarsa jiƙe da gumi, ya saki tayar ta faɗi da kanta.

"Baba," ya ce, "ashe ba yara ka koya wa aiki ba, aku ka kiwata."

Ya zauna a kan benci. Can ya ce in ɗinke ta ko don ya ɗauke motar daga daji kafin a kwance masa ita. Wannan na yarda. Na yi ɗinkin da ban taɓa yin irinsa ba, har yau in kun juya ta za ku ga zaren bai saki ba. Washegari wata mota ta kwashe doyar da ladanta, mu kuma muka taho da a-kori-kurar babu kowa babu komai a ciki, tafiyar da mai keke yake wuce mu yana waiwaye. Muka ajiye ta a bayan rumfata, muka ɗora ta a kan duwatsu. Audu ya ce na ɗan lokaci ne, kafin taya ta sauko.

Taya ba ta sauko ba. Masu bin ƙasa bashi suka kawo sharuɗɗansu, aka karya darajar naira. Tayoyi suka dawo shaguna, sai dai kuɗin guda biyu ya fi abin da Audu zai tara ko da zai daina cin abinci. Kajin maƙwabta suka fara ƙwai a kujerar direba. Ya sayar da batir, ya sayar da gilashi, daga baya injin. Gangar jikin maƙera suka saya, na tabbata akwai gidajen da har yanzu suke girki a kurfotin da aka yi da ƙofarta. Gwamnati ce kaɗai babu wanda ya taya, ko masu takalmi sun ce ta sha wuya da yawa. Audu ya koma tasha yana kamasho, yana kiran fasinja wa motocin yaran da ya koya wa tuƙi. Ya daɗe ba ya yi mini magana. Wata rana kawai ya zo ya zauna a kan tayar ya ce a sayo masa goro, shi ke nan muka ci gaba. Ban taɓa nadamar ƙin da na yi ba, amma duk sanda na ji muryarsa a tasha yana ihun "Gitata, Panda, saura mutum ɗaya," sai raina ya ɓaci.

Shekaru suka tafi, Baba Lasisi ya rasu, gashinmu ya yi fari. Wata hantsi muna zaune da Audu rediyo ta ce ƙasashen da ke bin mu sun yafe wani babban kaso na bashin. Mai labarai har muryarsa na rawa don murna. Ya ce kuɗin da a da ake turawa waje yanzu za a zuba su a makarantu da asibitoci da ruwan sha. Audu ya sa na ƙara murya, ya kara kunne sosai.

"An yafe wa wa?"

"Wa ƙasa, Direba."

"To madalla. Mu da muka riga muka biya namu fa, a wane ofis ake mayarwa?"

Ba zan ce ba a yi komai ba, kada in yi ƙarya da furfura. An sa wa makarantar unguwarmu sabon kwano, jikokina sun daina gudu gida idan hadari ya taso. An ƙara ɗaki a ƙaramin asibiti. An kuma haƙa famfon tuƙa-tuƙa a tsallaken rumfata, da babban allo da ya kusa fin famfon tsada, aka ce da kuɗin yafiyar aka yi. Maman Bala ta rataye guga ta huta. Sauran kuɗin kuwa ku tambayi masu manyan riguna, ni mai faci ne. Abin da na sani shi ne yafiya tana tare abin da ke gaba, ba ta dawo da gonar da aka sayar ko motar da aka yi kurfoti da ita.

Ranar da aka buɗe famfon, manya suka zo suka yi jawabi suka ɗauki hoto suka tafi. Da wurin ya lafa, Audu ya tashi daga kan tayarsa, ya ɗauki kofin silba na rumfa, ya tsallaka titi yana ɗingishi. Ya tuƙa da kansa, ya cika kofin, ya sha rabi yana lumshe ido. Sannan ya dawo ya miƙo mini sauran.

"Sale, ungo ɗanɗana," ya ce. "Motata ce."

Na karɓa na sha. Ruwa ne mai sanyi, babu laifi. Amma tunda nake ban taɓa shan ruwa mai tsadarsa ba.